Satar Libarbar Baba Orval

Da safiyar Laraba Baba Orval Tveit ya bugo waya ofishin 'yan sanda yana huci, wai an sace masa bindiga. Sufeto Duane Kolstad ya ajiye kofinsa ya ɗauki hula. A garinmu na Dakota ta Arewa sata ba ta cika wuce ta kabewa a gona ba, don haka ɓatan bindiga babbar magana ce.

Kowa ya san bindigar. Tsohuwar libarba ce 'yar ƙarama, irin wadda ake karyawa a tsakiya a zuba mata harsashi, gadon mahaifin Orval. Duk shekara in an gama girbin alkama, tsofaffin gari kan taru ranar Asabar a bayan rumbunsa su harbi gwangwanaye a kan shinge, kuma Orval ke buɗe fage da ita. Asabar ɗin ce ta ƙarato.

Sufeto ya duba durowar gefen gado, inda Orval ke ajiye bindigar. Ba a fasa ta ba. Agogon zinare na ciki, ga kuma kwalin harsasai sabo fil, cike.

"Me kuma ya ɓata, Baba?"

"Ba komai," in ji Orval. "Sai tsohon kwalin harsasaina, shi ma fanko ne. Sun ƙare tun bara."

"Waɗannan sababbin fa?"

"A birni na sayo. Sun shiga daram, na gwada. An ce sun fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba."

Matarsa, Mama Darlene, ta leƙo tana cewa ga kofi da kek a kicin. Sufeto ya tambaye ta ko ta ga wani abu.

"Ni, Duane? Ban san kan bindiga ba balle gindinta."

Sufeto ya ci kek ɗinsa, ya jefa sabon harsashi ɗaya a aljihu. Ɓarawon da zai bar zinare ya ɗauki fankon kwali ya tsaya masa a rai.

Daga nan ya wuce kantin Merle, mai sayar da ƙusa, igiya da kayan farauta. Ya ajiye harsashin a kan teburin kantin.

"Za a iya sa wannan a libarbar Baba Orval?"

Merle ya ɓata fuska. "Shiga dai zai shiga, nan ne hatsarin. Wannan na bindigogin zamani ne. Waccan ƙarfenta ya tsufa, sai harsashin dalma mai sauƙin albarushi. In ya harba wannan, makullinta na iya tarwatsewa a hannunsa. Yatsu kam sai dai a tsince su a ciyawa."

"Ka gaya masa?"

"Na gaya masa. Ya ce yana harbi tun ina cikin zanen goyo."

"Wani ya yi maka maganar bindigar kwanan nan?"

"Ko mutum ɗaya."

Merle mutumin kirki ne, amma Allah bai ba shi baiwar ƙarya ba. Yana magana yana matsawa gefe, yana kare wani abu da faɗin cikinsa. Sufeto ya miƙa hannu ta bayansa ya zaro wani kwali da ya koɗe, ba komai a ciki.

"Wannan fa, da ƙafarsa ya zo?"

Merle ya sauke numfashi. "An kawo mini ne in samo irinsa daga masana'anta. Na yi oda, amma ba zai iso kafin Asabar ba. Suna kuwa, Duane, ko rataye ni za ka yi. Na ci kek ɗin mutane."

Sufeto ya yi murmushi, don shi ma ya ci.

Ya koma ya tarar da Orval da Mama Darlene a kicin. Ya ajiye kwalin a kan tebur. Mama Darlene ta dube shi, ta dubi kwalin.

"Merle ba ya iya riƙe ko ruwa a baki," ta ce.

"Bai faɗi suna ba, Mama. Ina bindigar take?"

"Tana cikin kwandon wanki. Wurin da na tabbata wannan tsohon ba zai taɓa sa hannu ba."

Orval ya miƙe a fusace. "Ke, tsohuwa? Kina kallo na kira 'yan sanda, na zargi rabin gari?"

"Na ce ka jira, ka ce me mace ta sani. Merle ya faɗa maka, ka yi masa gori. Gara bindigar ta ɓace mako guda da ka rasa hannu."

"Hannuna ne ko naki?"

"Nawa ne," ta ce a hankali. Ta ɗora hannayenta a kan tebur, yatsun duk sun lanƙwashe da ciwon gaɓoɓi. "Wa ke ɓalla mini maɓalli da safe? Wa ke taje mini kai? In ka tarwatsa shi a kan gwangwani, ni wa zan kira?"

Orval ya koma ya zauna. Wallahi ya ba ni tausayi. Can ya tura sabon kwalin gaban Sufeto. "Tafi da su. Bana Merle ya buɗe fagen."

"An riga an shigar da ƙarar satar bindiga," in ji Sufeto. "Dole Mama ta biyo ni ofis ta yi bayani kafin a rufe."

"To, kama ta," in ji Orval. "Amma akwai sanyi."

Ya ɗauko kwat ɗinta ya sa mata, ya sunkuya yana ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya har wuya. Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa yana jira, sannan ya kama gwiwar hannunta ya kai ta mota. Yana buɗe mata ƙofar baya sai ga Orval ya zagayo ta ɗaya gefen ya shige.

"Baba, ba kai ake tuhuma ba."

"Ja mota, yaro," in ji Orval. "In ofishin naku da zafi, wa zai cire mata kwat?"