Sanarwa ta Uku

Ranar Asabar da la'asar falon Mama Celina a Unguwar Boro ya cika maƙil da atamfa. Ankon bikin ɗanta Filibus ake rabawa, ƙawayenta na Zumuntar Matan coci sun baje a ƙasa ana shewa, ana gwada waƙar rakiyar amarya. Ita kuwa amaryar, Debby, kunu kawai ta kawo musu, amma ina! Wa zai bar amarya ta fita ba a tsokane ta ba?

"Miƙo mini Littafin Waƙoƙina, 'yata," in ji Mama Celina. "Matan nan sun cinye baiti na biyu."

Debby na ɗauko littafin, wata takarda ta zame ta faɗi. Da yake ta yi makarantar koyon aikin lafiya, rubutun likita ba ya ba ta wuya. Sunan Filibus ne a sama, ƙarƙashinsa tramadol, na kwana goma sha huɗu. Kwanan watan kuma na lokacin da ya faɗo daga bene ne a Mahuta, yana aikinsa na ɗora tayil. Ta daure har matan suka watse.

"Mama, wannan takardar fa?"

"Au, maganin ciwon bayan mijinki ne. Ta asalin ta yage, shi ne na yi fotokwafi guda goma. Duk Litinin nake biyawa kemis in karɓo masa."

"Har yanzu? Mama, sati biyu aka rubuta. Yau shekara ɗaya da rabi!"

"To ba likita ne ya rubuta ba?" Mama Celina ta ɓata rai. "Kin ga ɗana ya yi kama da 'yan ƙwayar bakin titi? Da hannuna nake ba shi, har addu'a nake yi a kai."

Nan take komai ya dawo wa Debby. Gyangyaɗin da yake yi ana tsakiyar hira, saurin fushin da ba halinsa ba, da ranar da ya faɗi yana karkarwa a wurin aiki, aka ce jifa ne na maƙiyan aure, aka yi azumin kwana uku. Ashe maƙiyin yana kwance tsakanin waƙa ta arba'in da ta arba'in da ɗaya.

A bakin famfo ta sami Filibus yana wanke siminti daga hannunsa.

"Guda nawa kake sha a rana?"

"Haba Debby, abeg, na gaji..."

"Guda nawa, Filibus?"

Ya sunkuyar da kai. "Shida. Wani lokaci takwas. Na Mama ba ya isata, ina ƙarawa." Ya kashe famfon. "Bayana ya warke tun bara. Amma in ban sha ba, ji nake kamar ana tauna ƙasusuwana. Sori. A ɗaura auren kawai, na rantse zan daina."

Son da take masa ya taso mata, tausayinsa ya cika ta. Sai dai Debby ba ta cikin masu barin hawaye ya yanke musu shawara.

A cocinsu ana karanta sanarwar aure Lahadi uku a jere, kowace da tambayar ko akwai wanda ya san dalilin da zai hana. An karanta biyu, gobe ce ta ƙarshe. Mai karantawar kuma ba kowa ba ne illa mahaifinta, Baba Gideon, sakataren ikilisiya, tsohon ma'aikacin masaƙa wanda ya fi tsoron surutun mutane a kan tsoron maciji.

"Zan roƙi Baba kada ya karanta," ta ce. "In ya karanta, ni zan miƙe."

"Ki tona mini asiri a gaban coci?"

"Ba zan faɗi dalili ba. Amma ba zan sa farar riga in fara lissafin kwanakin takaba ba. Kai nake so, da ranka, da hankalinka."

Ya ɗauke kai, ya shige ɗakinsa.

Da ta faɗa wa mahaifinta a gida kuwa, kamar ta watsa fetur a wuta.

"Yanzu kike faɗa? Ana fafe gora ranar tafiya?" Baba Gideon ya daka tsawa. "An raba kati! Dangi sun shirya tasowa daga Zonkwa! Biyu ce: ko ki rufe bakinki a ɗaura, aure ya gyara shi, ko in mayar musu da kayansu ki manta da shi!"

"Akwai ta uku, Baba. A ɗaga, ya je asibiti, in jira shi."

"In zama abin nuni a cocin da nake riƙe da littafinsa? Gobe zan karanta, in ga wanda ya isa!"

Ta durƙusa, hawaye na zuba. "Ka yafe mini, Baba. Zan isa."

Washegari coci ya cika. Baba Gideon ya gyara tabarau ya karanta: "Sanarwa ta uku, tsakanin Filibus da Deborah. In akwai wanda ya san dalilin da zai hana, ya faɗa." Shekara ashirin yana wannan tambaya, ko tari ba a taɓa yi masa ba. Har ya fara juya takarda.

Debby ta miƙe. Muryarta ko gezau.

"Ina roƙon a ɗaga auren."

Gunaguni ya tashi a cocin. Ka san mutane, kafin ta zauna wasu sun gama yi mata ciki, wasu sun nemo mata sabon saurayi. Filibus yana jin su. Ya dubi yarinyar da ta ɗauki kunyarsa ta ɗora a kanta ita kaɗai, sai ya ji zama ya gagare shi.

"Ku bar ta!" ya ce, yana tsaye. "Ni ne dalilin. Maganin ciwo aka ba ni, ya zame mini jaraba. Ina neman taimako."

Mama Celina ta fashe da kuka. Fasto ya sauko ya dafa kafaɗar Filibus, Baba Gideon ya rufe littafinsa a hankali.

Ranar Litinin, maimakon kemis, asibiti aka nufa. Likitoci suka riƙa rage masa ƙwayar sannu a hankali, kuma an sha wuya: amai, zufa, ciwon gaɓoɓi. Wata rana da rana tsaka ya kama zanen uwarsa yana roƙon guda ɗaya tak. Tana kuka ta ce, "Ɗana, takardun duk na sa su a murhu." A wata na uku ya zame ya sha, ya kuma kira Debby da kansa ya faɗa mata. Ba ta yi masa gori ba, Keke Napep ta tare suka koma wurin likita.

Bayan wata tara aka soma sanarwa daga farko. A Lahadi ta uku, Baba Gideon ya yi tambayarsa, sannan ya leƙo 'yarsa ta saman tabarau.

"Deborah, in wuce?"

Coci ya ɓarke da dariya, 'yan Zumunta suka rangaɗa guɗa.

"Wuce, Baba!"

Ankon nan dai shi aka sa. Kwat ɗin ango ne kawai sai da tela ya buɗa, don Filibus ya yi ƙiba.

To 'yan'uwa matasa, magani ko likita ne ya rubuta shi, yana da ranar farawa da ranar dainawa, kuma aure ba asibiti ba ne. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwo zai ɓoye shi. Mama Celina ta so ɗanta ta ba shi abin da ya roƙa, Debby ta so shi ta hana shi, ta kuma jira. Yau in ka tambayi Filibus ranar da aka cece shi, ba ranar biki yake faɗa ba. Cewa yake, ranar da amaryarsa ta miƙe ta hana aurenta.