Ɗorin Gwaggo Bebi

Ƙarfe goma na safiyar Talata aka kira Sufeto Safwan zuwa wani gida a garin McLeansville. Wata tsohuwa ce ta rasu, Gwaggo Bebi, kuma ɗanta ya ce a barci ta cika. Mutanen motar asibiti ne suka yaye bargo, suka ga abin da ya sa suka ƙi tafiya.

Cinyarta ta dama ta kumbura ta yi baƙi. An ɗaure ta da tsumma da ɓallin katako biyu, a ƙarƙashi kuma an dama wani koren abu an shafe. Fatar wurin duk ta saluɓe.

Likitar da ke duba gawa ta ce, "Ƙashin a karye yake, ya kai kwana tara. Ina zargin gudan jini ne ya tashi ya toshe huhu. Da an kai ta asibiti, da tana nan."

Safwan ya sunkuya ya sansana. Shekara ashirin rabonsa da Maraɗi, amma hancinsa bai manta ba. Ɗaɗɗori ne, tsiron nan mai hawa bango, mai kusurwa huɗu, gaɓa-gaɓa kamar ƙashin yatsa.

Ɗan nata, Muzammil, yana tsaye a falo da rigar aikin wani sito da ke titin Wendover, hannuwansa cikin baƙar safar hannu.

"Allah ya jiƙan Gwaggo. Yaya aka yi ta karye?"

"A banɗaki ta zame, ranka ya daɗe."

"Me ya hana asibiti?"

"Ka san tsofaffinmu. Ta ce sai dai maɗori. Malam Iliyasu na Summerfield ne ya zo ya ɗaura mata, ya ce kada a motsa ta. Don Allah a ba mu ita mu kai ta makwancinta kafin la'asar."

"Za a ba ku," in ji Safwan. Da zai fita ya leƙa banɗakin. Akwai tabarmar roba a ƙasa da ƙarfen dafawa a bango. Ba wurin da ake zamewa da sauƙi ba ne.

A hanya ransa a jagule yake. In maganar nan ta tabbata, Malam Iliyasu, tsoho mai shekara saba'in da biyar, a gidan yari zai ƙarasa kwanakinsa.

Ya tarar da shi a bayan gida yana watsa wa kaji tsaba.

"Baba, har yanzu kana ɗori?"

"Ni? Tun da na sauka a ƙasar nan na bari."

"To wancan fa?" Safwan ya nuna wani babban kasko a baranda. Ɗaɗɗori ne ya fito daga ciki ya naɗe waya har rufi.

"Ado ne. Wani Ba'indiye da muka yi aiki tare ya ba ni reshe. Su hajod suke ce masa, maganin ƙashi da gaɓoɓi a likitancinsu na gargajiya."

"Baba, Gwaggo Bebi ta rasu da ɗori a cinya, kuma sunanka aka ambata."

Kwanon tsabar ya faɗi. Tsohon ya yi salati, ya nemi wuri ya zauna.

"To, na yi maka ƙarya. Ina taɓa targaɗe da ɗan yatsa. Muzammil ya kira ni ranar waccan Lahadin. Da na ji cinya ce, na ce ya kira motar asibiti yanzu-yanzu, wannan ya fi ƙarfina. Ya kashe waya."

"Wa zai shaide ka?"

"Kajina. A gidanmu ba a ɗora mutum sai an karya ƙafar kaza an ɗora ta tare da shi, ana duba tafiyarta. Haka na gada. Duba su. Akwai mai ɗingishi?"

"Wannan ma laifi ne a nan, Baba."

"To rubuta shi. Na fi son shi da wancan."

Kaji goma sha ɗaya, kowace tana tafiya garau. Alƙali ba zai saurari kaza ba, Safwan ya sani. Amma ya matsa kusa da kaskon. Gefe guda an yanka rassa da wuƙa daidai kan gaɓa. Ɗaya gefen kuwa fizge su aka yi, har waya ta lanƙwashe.

"Yankan nawa ne. Fizgar kuwa na ɗauka barewar dajin nan ce ta ci," in ji Malam Iliyasu. "Wanda ya yi wannan bai san abin ba. Sai ka shafe hannu da man riɗi, ka fere kusurwoyin, ka ɗan gasa shi. Ka taɓa shi ɗanye, ƙaiƙayi sai ya kusa haukata ka."

Safwan ya tuna fatar Gwaggo. Ya tuna wani abu kuma.

Kafin ya koma McLeansville ya sa ofis su duba masa suna ɗaya. Da ya isa bai shiga gida ba, sai da ya zagaya motar Muzammil. Murfin but ɗin ya lotsa kaɗan, daidai tsayin cinyar gajeriyar mace.

'Yan gaisuwa sun fara cika falo. Ya ja Muzammil zuwa kicin.

"Watan Yuni ne, ana zafi. Cire safar nan."

"Ta aiki ce."

"Yau ba ka je aiki ba. Cire."

Ya cire. Hannuwan sun yi jajir har wuyan hannu, duk sawun farce.

"Katakon da ke cinyarta na ɗora kaya ne a sito," in ji Safwan. "Kuma tun watan Maris kotu ta karɓe maka lasisi. Wa ke tuƙa motar nan?"

Muzammil ya zame ya zauna a ƙasa.

"Na makara ne. Ina baya-baya ina waya, ita kuma ta biyo ni da abincina da na manta. Ban gan ta ba, wallahi ban gan ta ba. Saura wata ɗaya in yi rantsuwar zama ɗan ƙasa. In 'yan sanda suka zo, shi ke nan. Na je gidan Malam Iliyasu a ɓoye na tsinko ganyen, na kalli yadda ake yi a waya, kullum ina sake mata."

"Kwana tara tana kwance."

"Ita ta ce kada in kira kowa! Ta ce ba ciwo, ta ce yana ɗoruwa."

"Uwa ce, abin da za ta faɗa ke nan," in ji Safwan. "Kai da kake jin nishinta ta bango, me ka ce? Kuma tsohon da ya gaya maka gaskiya, shi ka zaɓa ya shiga kurkuku a madadinka."



Safwan ya sa masa ankwa ta baya, ya bi da shi ta tsakiyar 'yan gaisuwa, kowa ya ɗauke ƙafa. A bakin mota Muzammil ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, za a bar ni in yi mata salla?"

"Sai likita ta gama da ita. Zan tambaya."

Safwan ya rufe ƙofar. Har suka hau titi yana jin sa a kujerar baya, yana goga hannuwansa a jikin kujera, ƙaiƙayin ya ƙi kwanciya.