An Sha Ruwa a Agbalépédo

"Kowa ya kwanta! Couchez-vous! Na ce ƙasa!"

Daga waje Taufiq yake jin muryar Boubacar, tar kamar a kunnensa ake yi. Yana zaune kan babur a ƙofar shagon gwal na Alhaji Muktar, inji na aiki, hular kwano mai baƙin gilashi ta rufe masa fuska. Gumi na bin bayansa. A gefensa Ɗanmaraya ne kan wani babur ɗin, yana karkaɗa ƙafa. La'asar ta yi sanyi, kasuwar Adawlato ta hargitse da masu rufe shaguna, kowa na sauri ya kama hanya, don watan azumi ne.

"Alhaji, buɗe! Vite!"

"Don Allah, yarona..."

Tau!

Taufiq ya waiga ƙofar shagon. An yi masa alkawari ba za a yi harbi ba.

Boubacar ya fito a guje da jaka a kafaɗa, ya faɗa bayansa, ya doki hularsa da gindin bindiga.

"Ja mu tafi!"

"Wa ka harba?"

"Ja, dan ubanka!"

Ya ja.

Shagon nan ba baƙonsa ba ne. Shekaru ya yi yana goge gilashinsa, yana auna sarƙa da 'yan kunne, har aka sallame shi watan jiya. Bai taɓa ɗaukar ko allura ba. Makara ce ta kore shi. Gidansa yana Zongo, can arewa, shago kuwa yana bakin teku, garin Lome gaba ɗaya ya shimfiɗe a tsakaninsu. Da sallame sallar asuba yake fita da tsohon baburinsa, ba ya dawowa sai bayan isha. Ranar da aka yi ruwa, ko babbar mota ta mutu a tsakiyar titi, sai rana ta take kafin ya isa. Alhaji Muktar, wanda gidansa ke saman shagon, matakala kawai yake sauka ya iso aiki, kullum maganarsa ɗaya ce: "Ka nemi ɗaki kusa mana." Ɗaki a Adawlato! Ai ko Alhajin ya san albashin da yake biya.

Korar ta yi masa ciwo, amma akwai abin da ya fi ta. 'Yarsa Safiatou ta yi wayo ba ta san shi ba. Yana fita tana barci, yana dawowa tana barci. Ran Lahadi in ya miƙa hannu zai ɗauke ta, sai ta callara ihu ta ruga bayan uwarta Batul. Batul takan yi dariya don ta rage masa zafi, shi kuwa ba ya iya dariyar. Abin da yake so a duniya bai wuce ɗaki a cikin gari da ɗan teburin kansa ba, inda zai riƙa dawowa gida yarinyar nan idonta biyu.

A wannan hali Boubacar ya same shi. Tsohon ɗan zem ne, masu babur ɗin haya, wanda ya daɗe da barin ɗaukar fasinja ya koma ɗaukar abin fasinja. A bakin teku suka zauna da rana tsaka, ƙarƙashin bishiyar kwakwa, su uku.

"Kai ka san lokacin da tsohon yake buɗe akwatin ƙarfe," in ji Boubacar. "Ka kuma san hanya. C'est tout. Ba ka shiga, ba ka riƙe komai."

"In aka biyo mu fa?"

A nan ne Taufiq ya ba kansa amsa, har da alfahari, kai ka ce wata hikima ya haƙo. "Mu yi shi dab da shan ruwa. Lokacin duk Zongo tana kan titi za ta gida. Babura ba iyaka. Wa zai tsinto mu a ciki?"

Ɗanmaraya ya tafa masa. "Mon frère, kai ne patron!"

Yanzu ga shi yana tsaga titi, yana ratsa tsakanin motoci, Ɗanmaraya na manne da shi a baya. Hagu. Dama. Wata mai tallan burodi ta yi tsalle ta zage su da yaren Mina. Ya haye gefen kwata ya sauko. Ya san kowane rami a hanyar nan, ya san inda kwalta ta kumbura, ya san danjar da ba ta aiki.

"Wa ka harba?" ya sake tambaya.

"Ya kai hannu waya. A kafaɗa ne, ba zai mutu ba. Kalli gabanka!"

A shagon, Alhaji Muktar na jingine da kanta, farar rigarsa ta rine, maƙwabta sun danne masa kafaɗa da rawani. Wani jami'in 'yan sanda mai suna Komlan ya durƙusa gabansa.

"Ka ga fuskarsu?"

"A'a... Amma sun san lokacina. Wani ya gaya musu."

"Ina suka nufa?"

"Arewa!" mutane suka amsa baki ɗaya. "Babur biyu! Na gaba ja ne, wanda ya goya riƙe da baƙar jaka!"

Komlan ya dubi rana, ya yi ɗan murmushi. Shi ma a arewacin gari yake kwana, shi ma hanyar nan ta sha cinye masa maraice. Ya ɗauki rediyo.

"Kada kowa ya bi su da mota. Ku gaya wa mutanenmu na Agbalépédo su sauka su bi layi da ƙafa. Titi zai riƙe mana su."

Titi kuwa ya riƙe su. Tun kafin tashar Agbalépédo gudu ya koma tafiya, tafiya ta koma rarrafe. Tasi, bas, manyan motoci masu zuwa arewa, da babura cunkus a kowane ɗan sarari. Hayaƙi. Hon. Zagi. Taufiq ya kutsa, ya kutsa, har ya kai inda ko gwiwa ba ta wucewa.

"Me ke nan?" Boubacar ya matse shi. "Ka ce ka san hanya!"

"Haka take kullum. Yanzu za ta buɗe."

"Yanzu yaushe?"

"In an sha ruwa."

Ya karkata dama, ya gangara bakin titi, ya taka birki, ya ɗora ƙafar hagu kan wani bulo. Bai yi tunanin komai ba. Ƙafar ce ta san wurin.

Ga abin da mai hikimar nan tamu ya manta. Taron da ya ce zai ɓace a ciki, nasa ne. Mutanen da ke bin hanya ɗaya safe da yamma shekara da shekaru sun san juna fiye da yadda suka san 'yan gidansu. Da yake ba mai isa Zongo kafin magariba, a nan suke buɗa-baki, a kan babur, a tagar mota. A nan kuma Mma Mariyatu, wata dattijuwa mai sayar da koko, take ajiye teburinta, duk azumi tana raba ruwan leda da dabino sadaka ga 'yan hanya. Bulon da Taufiq ya taka, na gefen teburinta ne.

Ladan ya ɗaga murya daga masallacin tasha. Hon ya lafa. Ko'ina hannuwa suka miƙe, ana jefa ruwa daga wannan babur zuwa wancan.

Hannun Taufiq ma ya miƙe da kansa. Azumi yake yi. E, da azumi a bakinsa ya je fashi, kada ku tambaye ni yadda ya daidaita abin a ransa.

Leda mai sanyi ta sauka a tafinsa.

"Taufiq, ɗana! Kwana biyu ina ka shiga?"

Ya yi maza ya kau da kai.

"Ka zaci hular kwanon nan za ta ɓoye min kai? Wa ke taka min bulo haka in ba kai ba? A'a, har da sabon babur! Barka, barka. Ɗaga gilashin ka sha mana. Ya Batul? Ya 'yar tawa?"

Taufiq ya matse ledar a hannu. Ya ji wani abu mai tauri ya tokare haƙarƙarinsa.

"Ta san ka?" Boubacar ya raɗa.

"Tsohuwa ce, ba ta..."

"Ta kira sunanka. Da na matarka."

"Abokinka ma ga nasa," in ji Mma Mariyatu, tana miƙo dabino. "Bismillah, ɗana. Kai ba ka shan ruwa?"

Can baya aka fara hayaniya. Taufiq ya duba madubi. 'Yan sanda ne a ƙafa, suna bin layi, suna ɗaga gilashin duk mai hula, suna leƙa jakunkuna. Suna matsowa.

Ɗanmaraya ya turo baburinsa gefensu. "Boubacar, 'yan sanda! Miƙo jakar, jan babur suke nema, ni ba su san nawa ba. Mu haɗu a gida!"

Boubacar ya yi jim, sannan ya cilla masa. Ɗanmaraya ya cafe, ya haye dakalin masu shago, ya kifar da tiren wata mai lemo, ya faɗa lungu. Ko waiwaye bai yi ba.

"Bi shi!"

"Ba wuri!"

"To bari in rufe bakin tsohuwar nan tukuna."

Ƙarfen ya bar haƙarƙarin Taufiq. A madubi ya ga hannun yana ɗagawa. Mma Mariyatu na tsaye da dabino a hannu, murmushinta bai gama gushewa ba, ta kasa gane abin da take gani.

Matar nan ta shayar da shi ruwa azumi bayan azumi. Ran da baburinsa ya mutu a nan, ita ta tsare masa shi har gari ya waye.

Ya saki birki, ya murɗe mai, ya jefa nauyinsa hagu—

Tau!

Harsashi ya fasa robar ruwan da ke kan teburinta. Babur ya kife da su. Ihu ya tashi. "Ɓarayi! Voleurs!" Mutane suka watse, wasu suka kwanta ƙarƙashin motoci.

Boubacar ya riga shi tashi. Idonsa jawur.

"Munafuki!"

Tau!

Taufiq ya ji kamar an buga masa taɓarya a cinya. Ya faɗi rigingine.

"Police! Jette ça! Yar da ita!"

Boubacar ya ruga tsakanin motoci, yana harbi baya. Bai yi nisa ba, don ba inda za a yi nisa. Ya haye bayan wata tasi zai tsallaka—tau! tau! tau!—ya zamo a hankali ya faɗo tsakanin tayoyi. Bai sake motsi ba.

Wani ya fizge hular Taufiq. Iska ta doki fuskarsa. Da ya buɗe ido, fuskoki ne zagaye da shi, kuma duk ya san su: mahaucin da ke bayan gidansu, direban bas ɗin da yakan ba shi hanya, malamin da ya raɗa wa Safiatou suna. Ba wanda ya ɗaga masa hannu. Da dukansa suka yi da ya fi masa sauƙi.

"Innalillahi," in ji malamin. "Taufiq ne."

Mma Mariyatu ta durƙusa. Ta kalle shi ta daɗe. Sannan ta yaga bakin leda da haƙori ta kai masa baki.

"Sha," ta ce. "Sha, Allah ya shirye ka. Ba ni da abin ce maka."

Ya sha, yana kuka kamar yaro.

Ɗanmaraya da gwal ɗin, har yau ba labarinsu. Wasu sun ce ya tsallaka iyaka zuwa Aflao tun kafin isha, wasu sun ce Cotonou. Boubacar ba wanda ya zo neman gawarsa. Alhaji Muktar ya rayu, amma hannun dama ya shanye, ya rufe shagon. Mma Mariyatu ta kwashe teburinta daga bakin titi, 'ya'yanta sun hana ta, yanzu 'yan hanya sai su sayi ruwansu. Taufiq kuwa an yanke masa shekaru masu yawa, ƙafa ta warke a karkace.

Gidan yarin yana cikin gari, kusa da teku. In iska ta juyo, yana jin hayaniyar kasuwa daga inda yake kwance.

Batul ce ke yin hanyar yanzu. Ranar ziyara ta iso rana ta take, gyalenta ya jiƙe da gumi, miya ta zube a ledar kwanon. Ta rame. Ya leƙa bayanta, ya leƙa gefenta.

"Ina Safiatou?"

"Na bar ta wurin Inna. Hanyar ta yi mata nisa, Baban Safiatou. Wancan karon amai ta yi ta yi a mota, ta kwana da zazzaɓi."

"To... wani makon?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara murfin kwano. "Ni ma ban san ko zan iya kowane mako ba. In na zo nan, ranar ba ciniki ke nan. Ga kuɗin mota."

Ya gyaɗa kai. Ba wanda ya fi shi sanin gaskiyarta.

Lokacin ziyara bai ƙare ba, da saura sosai, amma ya lura tana satar kallon inuwar katanga. Shi ma ya kalla. Inuwar ta fara tsawo.

"Tashi ki tafi," ya ce.

"A'a, bari in ɗan ƙara..."

"Tashi, Batul. In kika ƙara, kasuwa za ta tashi ta same ki a hanya. Kada ki shiga bas, ki hau zem har ki wuce Agbalépédo. In kin yi sauri za ki sami Safiatou ba ta yi barci ba."

Ta ɗauki ledarta ta fita da sauri. Ya bi ta da ido har mai gadi ya ja ƙofar.