Rumbun da Ruwa Ya Rushe

Can a wani zamani, an yi wani saurayi da ruwan ƙarshen damina ya rushe wa rumbu. Ga gero ya nuna a gona, ga mahaifinsa kwance ba lafiya, ga babu inda za a zuba hatsi.

Cikin gaggawa ya kwaɓa ƙasa, ya yi ta ɗorawa, sai ginin ya zube. Ya sake ɗorawa, ya kuma zubewa. Ya zauna cikin taɓo ya dafe kai, ya ce, "Baba, abin nan ya fi ƙarfina."

Daga ɗaki tsohon ya ce, "Ai ɗanya kake ɗorawa a kan ɗanya. Ɗora na yau kawai, ka bar shi ya sha rana."

Sai ya ɗora na yau, ya tafi gona. Washegari ya taɓa ya ji ya bushe, ya ɗora na ranar, ya tafi gona. Kullum haka.

Ran da ya kawo damin ƙarshe, rumbu ya fi shi tsawo. Ya yi ajiyar zuciya, ya ce, "Baba, yau me zan ɗora?"

Tsohon ya yi dariya ya ce, "Jinka. In ka gama, ka zo mu sha fura."