Sunan Da Reza Ta Cinye

"Wallahi sunana ne a wurin nan!"

Nachisale ta ɗaga wasiƙar sama, hasken rana ya ratso ta wata huda a tsakiyar takardar.

Esinati, 'yar mai unguwa, ta tuntsire da dariya.

"Sunanki? Huda kawai nake gani, 'yar uwa! Ni kuma kowa ya san Mailosi ya raka ni rafi kafin ya tafi..."

Mailosi kam, Allah ya shirye shi! Tun da aka kwashe su daga barikin sojan Zomba zuwa yaƙin duniya a ƙasar Bama, takarda ta yi musu wuya, sai ya cike gaba da baya. A gaba ya rubuta sunan garin da suke. Hafsan da ke tace wasiƙun sojoji ya sa reza ya yanke garin, bai ko juya takardar ba. A bayan kuwa daidai wurin ne Mailosi ya ce, "Kawu, ka je ka nema min auren..." sai huda!

Kawu Bwanali, wan mahaifiyarsa, ya sosa ƙeya.

"Yarana, ni ban san gaibu ba. In aka gama girbin masara ban ji daga gare shi ba, gidan mai unguwa zan nufa. Su ne suka fara yi min magana."

Nachisale ta koma gida tana kuka kamar ranta zai fita.

"Ke dai kin haukace," in ji mahaifiyarta tana tuƙa tuwo. "Huda za ki aura? Ga masu nemanki nan kin ƙi kulawa!"

"Mama, shi nake so... shi kaɗai!"

Washegari ta je wurin malamin makarantar mishan, ya rubuta mata layi ɗaya: "Masoyina, reza ta cinye sunan, ka sake faɗa."

Masara ta yi goyo, ta bushe, aka karye ta. Shiru! Esinati har ta fara nuna wa ƙawaye filin da ango zai gina musu ɗaki a bayan gidan uwarta, kamar yadda al'adar garin take. Nachisale ta rame, ko tuwo ba ya wuce mata.

Ranar da Kawu ya saka farar rigarsa zai fita zuwa gidan mai unguwa, sai ga malamin da gudu yana ɗaga ambulan.

"Bama! Daga Bama!"

Kafin ka ce me, unguwa ta cika tsakar gidan. Esinati ta kutsa gaba tana gyara ɗankwali. Nachisale ta rufe ido.

Malamin ya buɗe, ya juya takardar. Bayanta fari fat. Ya juyo gaban, sai ya fashe da dariya.

"Karanta mana!" Kawu ya daka masa tsawa.

"Nachisale... Nachisale... Nachisale... Kawu, tun daga sama har ƙasa abin da ke ciki ke nan! Sai can ƙarshe ya ce, 'In sun isa su yanke duka.'"

Guɗa ta kaure! Esinati ta sulale ta bayan rumbu, ko waiwaye babu.

Nachisale ta ƙwace takardar ta rungume, tana kuka tana dariya.

"Wayyo nawan! Wawana!"

Kawu Bwanali ya kakkaɓe farar rigarsa, ya dube ta.

"To 'yata, share hawayen ki wuce gaba. Nuna min ƙofar gidanku."