Kwalbar Kumandan

Duk wanda ya ci kasuwar Belbeji ya san Zakiyyu dillalin raƙuma. Mutum ne da ba ya iya zama wuri guda, yana wannan ciniki idonsa na kan wancan. Allah bai hana shi rufin asiri ba: ga matarsa Lantana, ga 'yarsu tilo Radiya, ga gero a rumbu. Amma da ya ga kamiyo, babbar motar kaya, ya tashi da raƙuman wani zuwa arewa, sai tuwo ya ƙi wuce masa maƙogwaro. Na san shi da daɗewa, ban taɓa jin ya ce alhamdu lillahi ba.

Wannan ƙaiƙayin zuci ne ya kai shi wurin Mailafiya, bokan da ke zaune shi kaɗai a wani kwari bayan Gangara. Ya isa da tsakar rana, ƙasa na ƙuna, amma cikin bukkar sanyi kamar gindin randa. Akwai kujerar ƙarfe mai tsatsa, a kanta jar dara da bulala da usur. Boka ya watsa turare a wuta, ya busa usur, jikinsa ya ɗauki rawa, kumfa ta cika masa baki. Da ya buɗe ido ba shi ba ne, Kumandan ne ya hau, iskan nan mai ɗabi'ar sojan Faransa.

Ya sa hannu a rami ƙarƙashin kujerar ya jawo kwalba mai ƙura, an toshe bakinta da jan danƙo.

"Ka san wannan? Jar giyar inabi ce, daga gonar da ta fi kowace suna a Faransa. Ba irin ta 'yan tasha ba ce. Duk tsufan da ta ƙara, darajarta hawa take."

"Ranka ya daɗe, ni ban shan giya."

"Wa ya ce ka sha, ƙazami? Ka kai ta gida, ka kwantar da ita cikin duhu, wuri mai sanyi. Tana tsufa, dukiyarka na hawa."

"Me za a yanka? Rago? Bajimi?"

Kumandan ya yi dariya har bulalar ta faɗi. "Jini abincin ƙananan iskoki ne. Ita kwalbar nan shekaru take sha, kuma a gidan da ta kwanta take shan su."

 Kada wani ya ce maka Zakiyyu bai gane ba, sarai ya gane. Ya dai ce a ransa gida ai da kaji da awaki, su ma suna da shekaru. Ya miƙa hannu biyu ya karɓa.

Ya haƙa rami a ƙarƙashin rumbu ya kwantar da ita. Kafin kaka ta zagayo, dillali ya zama mai garke. Ya sayi kamiyo, ya ƙara wani, ya rushe katangar laka ya tada ta siminti. Da farko awaki ne suka fara zubar da haƙora, ya yi ajiyar zuciya. Sai kuma Lantana ta tashi da furfura. Mace da sauran ƙuruciyarta, bayanta ya ranƙwafa, idonta ya yi hazo. An kai ta asibiti a Damagaram, likita ya tambayi Zakiyyu ko mahaifiyarsa ce. Ta rasu da damina. Shi kuwa ya koma bin ramin nan safe da yamma, ya ɗaga kwalbar, ya ga jan ya ƙara duhu, ya mayar, ya sake dawowa. Bai fitar da kwalbar daga gidan ba, domin a satin ne aka yi masa cinikin da bai taɓa gani ba.

Da abin ya juyo kan Radiya, tana lakwal ne, wato makarantar boko, ko budurci ba ta kai ba. Hannuwanta suka yamutse, ƙawayenta suka fara durƙusa mata a hanya ba su gane ta ba. A nan ne tsoro ya kama shi da gaske. Ya tuƙa mota da kansa zuwa kwarin Gangara, ya faɗi gaban kujerar.

"Ku karɓi kayanku! Ku karɓi raƙuman duka!"

"Abin da ya kwanta a gidanka ba ya tashi," in ji Kumandan. "In ka fasa ta, unguwarku ta kwana da furfura. Amma shekarun suna ciki. Wanda ya sha, nasa ne."

Ya dawo a guje, ya ɓalle danƙon, ya tsiyaya a kofi. Ƙamshi ya cika ɗakin. Ya durƙusa gaban shimfiɗar 'yarsa.

"Sha, uwata. Magani ne."

Ta shinshina, ta kau da kai. "Baba, wannan giya ce."

"Kurɓi ɗaya! Don Allah, Radiya, kurɓi ɗaya!"

"Inna ta tafi bakinta da tsarki. Ni ma haka zan je. Ka cinye mini duniya, Baba, kada ka haɗa da lahirata."

Ya roƙa, ya yi kuka, ya nemi ɗura mata, ta datse dasashinta. Kafin la'asar, Radiya ta cika. Da aka dawo daga maƙabarta, ya ji maƙwabciya na cewa jaririnta ya fito da farin gashi. Ya gane kwalbar ta juya kan maƙwabta. Ya shiga ɗaki ya kafa mata kai, bai bar ko ɗigo ba.

Dukiyar ta watse kamar an kunce tsintsiya. Hankalinsa ya bi ta. Sa'o'insa yau duk suna dogara sanda, wasu sun riga mu gidan gaskiya, amma shi gashinsa baƙi wul, ko ciwon kai ba ya yi. Yana yawo tsakanin Belbeji da Tanut ba ya zama, ba ya barci, duk tsohuwar da ya gani sai ya tare ta ya leƙa fuskarta yana kiran Radiya. Shekarun matarsa da na 'yarsa na jikinsa, kuma sai ya rayu su duka.

Kai mai ganin arzikinka ya yi jinkiri, ka ji tsoron Allah ka riƙe ɗan abin da ke hannunka. Boka ba ya ba da kyauta, kuma ba a aljihunka yake karɓar ladansa ba.