Sunan Garin Direba

Mai Sanarwa na ajiye makirufo tashar mota ta yi tsit.

Sai kuma hayaniya ta ɓarke!

Mai Sanarwa ta leƙa ta taga. Aikinta ke nan kullum, kiran sunayen garuruwa a lasifika don fasinjoji su hau mota. Amma yau mutanen layin ƙarshe sun miƙe tsaye suna nuno ɗakinta da yatsa.

Direba, saurayinta, ya banko ƙofa yana haki.

"Masoyiya, me kika yi?! Wa ya ce ki ja ƙarshen sunan garinmu haka?"

"Mai Tikiti ce... ta ce haka 'yan garin suke faɗa. So na yi in burge Innarka, tunda yau za ta bi motarka."

Ya dafe kai.

"Haka maƙwabtanmu ke faɗa in za su yi mana ba'a! In an ja shi, garin ragwaye yake nufi!"

Ashe Mai Tikiti, wadda ta daɗe tana yi wa Direba kallon ƙasa-ƙasa, rami ta haƙa mata! Dama Baba na ta jan ƙafa, wai ba zai ba da 'yarsa ga mai ce wa mota "mato", biredi "burodi" ba. Yanzu kuma ga Inna...

Ta share hawaye, ta fizgi makirufo.

"Mutanen layin ƙarshe, ku gafarce ni! Harshena ne ya yi tuntuɓe. Don Allah wata uwa ta hau ta koya mini!"

Can sai ga wata dattijuwa tana hawowa, tana riƙe da gwiwa, fuska ba fara'a.

"Inna ce," in ji Direba a hankali.

"Faɗi in ji!" Inna ta ce.

Ta faɗi sunan garin.

"A'a! Guntule shi, 'yar nan, kamar kin taka ƙaya!"

Ta sake. Ta kuma sakewa... sai ga shi ya fito daidai!

Tafi ya kaure a ƙasa! Sai lokacin Mai Sanarwa da Direba suka gane lasifikar a kunne take. Inna kuwa ba ta lura ba, ta juya ga ɗanta.

"Wannan ce yarinyar? Wallahi in ka bari ta kuɓuce maka, kada ka ƙara ce mini Inna!"

Tasha ta ɗauki shewa. Mai Sanarwa ta rufe fuska da mayafi, Mai Tikiti ta ja labulen tagarta.

Kafin yamma labari ya riga ta zuwa gida. Baba ya yi dariya har da tari.

"Duk gari ya ji, ni wane ne zan ce a'a?"

Ranar da aka kai amarya, Direba da kansa ya ja motar, tana gefensa. Fasinjoji na ta ɗaga hannu a bakin hanya, ko birki bai taka ba.